Goyon Roba a Hanyar Gamu

Tun da na dawo nake jin maganganu iri-iri, to bari in gyara wa kowa zance tun bai yi nisa ba. Ba fim muka je yi ba. Ba a kuma ɗauke ni aikin asibiti ba, wadda karatunta ya tsaya a bakin bak, jarrabawar gama sakandare, ba a ba ta allura ta tsira wa mutane. Masu cewa miji na bi likitoci nema, su zo su ga likitocin da idonsu, yara ne masu wanke rigarsu ɗaya su jira ta bushe. Abu guda aka gani daidai: na shiga mota da goyo alhali ban taɓa haihuwa ba. Goyon na roba ne. Amma masu cewa wasan ƴar tsana muka je yi sun fi kowa kuskure, domin a kan ɗan robar nan karatun wata baiwar Allah ya rataya.

Ga yadda aka yi. Wata likitar yara ta zo daga Damagaram da ɗalibanta masu karatun likita. Za ta kai su ƙauye ta koya musu yadda ake haɗa hannu a ceto yaron da numfashinsa ya tsaya, a irin ɗakin da za su yi aiki gobe, inda babu na'ura babu babban likita a kusa. Tana neman macen da za ta fito a matsayin uwar yaron, mai jin Hausa da Barbarci da ɗan Faransanci, wadda ba ta jin nauyin ɗaga murya. Ɗiyar gwaggona da ke aikin ungozoma ta ce mata ba sai an je nesa ba.

Mun tashi da asuba daga bakin tasha, cikin wata farar katkat, motar shiga rairayi, da ta sha duniya. An yi ruwa kafin sallah, garinmu Gure duk ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, gajimare kuma ya sauko ya zauna wa duwatsun bayan gari a ka kamar tafiya ta gajiyar da shi. Madam, haka kowa ke kiran likitar, ta miƙo mini ɗan robar ta ce daga yanzu nawa ne, in saba da shi. Na ɗauka nauyin buta zai yi. Ashe nauyin yaron da ya fara tatata gare shi, kansa har langaɓewa yake in ba a tallafe ba. A mota ina rungume da shi, duk inda muka sauka kuma in goya shi da zane.

Da muka bar kwalta muka kama rairayi ta hanyar Gamu, sai ƙasar ta zama wata daban. Wanda ya san tuddan nan da rani kaɗai bai san su ba. Ciyawa ta lulluɓe su, kore shar, mai laushi kamar gashin jariri, iska na kwantar da ita tana tada ita. Ku hau tudu ku gangara, sai ga kwari cike da goriba da dabino, ruwa kwance a tsakiya ya ɗauke sama gaba ɗaya a cikinsa. Can nesa raƙuma na tsaye, tururin ƙasa ya ɓoye ƙafafunsu, sai ka ce a iska suke shawagi. Mota na lilo da mu, na kama kaina ina bubbuga bayan ɗan roba kamar zai yi barci.

Ɗaliban su biyar ne, amma biyu za ku riƙe. Na farko dattijo ne a cikinsu, da furfura a gemu. Ya daɗe yana majo, wato babban malamin jinya, a asibitin ƙauye kafin ya koma karatu, ƴaƴansa sun kusa kai sauran ɗaliban. Ta biyu siririya ce mai tabarau, ita ce kusa da ni, muryarta sai ka kara kunne. Sunan dattijon ɗaya da na mahaifinta, saboda haka tun shekarar farko Baba take ce masa, shi kuma ya ce ɗiyata. In an raba abinci ita yake fara miƙa wa. In zai sauka mota ita ke riƙe masa jaka.

Da sauran suka fara gyangyaɗi ta ba ni labarinta, idonta a kan taga. An taɓa gwada ta a Damagaram ta jagoranci ceton, ba ta wuce ba. Wannan tafiyar ce dama ta ƙarshe. In ta sake faɗuwa za ta maimaita shekara, mahaifinta kuwa ya ce babu maimaici, ta tattaro kayanta ta dawo gida. Ta ce karatun takarda ba ya ba ta wuya, ta san kowane magani da awonsa, amma da an tsayar da ita a gaban mutane sai harshenta ya yi nauyi. Na ce, "To ki buɗe baki mana, me ke ciki?"

Ba a daɗe ba motar ta nutse a rairayi. Direba ya ce a sauka a tura. Kowa ya ce e, a tura, kowa na zaune yana duban na kusa da shi. Madam na cin dabino, ta bar mu muka yi ta "a tura" har ta gama na hannunta, sannan ta juyo tana nuna mutum da yatsa: kai ka kama nan, ke ɗebo rassa ki cusa ƙarƙashin taya, kai tsaya gaba ka duba. Nan da nan mota ta fita. Ta ce mu riƙe abin da muka gani, aikin da aka jefa wa iska ba mai ɗauka.

Mun tsaya wata rijiya inda matan makiyaya ke sayar da nono da cuku. Cuku ya yi tsada bana, abin da na saba saye dala hamsin sai da aka nemi kusan ninkinsa, amma nonon mai kauri ne, da sanyin ƙwarya. Wata tsohuwa ta zagayo bayana ta ɗaga zane don ta ga goyo. Ta daɗe tana kallo. Na ce, "Iya, na roba ne, na koyon likita." Ta mayar da zanen ta gyara masa wuya, ta ce da Barbarci, to ai rana ba ta san roba ba, in rufe masa kai. Na rufe.

Garin da muka sauka ƙarami ne, kafin a kai Gamu. Asibitin ɗaki biyu da rumfa, da wata babbar aduwa a gaba, da firijin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana yana gurnani a lungu. Mutanen gari sun karɓe mu da biski da miyar kuɓewa, da man shanu har yana kwaranya. Ban taɓa cin biskin da ya kai shi ba, kuma kada gwaggona ta ji.

Bayan mun huta Madam ta shimfiɗa ɗan robar a tebur ta raba aiki. Ɗaya na wajen kai da robar hura iska. Ɗaya na danna ƙirji. Ɗaya na neman jijiya ya sa magani. Ɗaya na riƙe da agogo. Jagora kuma na tsaye wajen ƙafafu, ba ya taɓa yaro ko kaɗan, aikinsa ido da baki. Dokokinta kaɗan ne. In za ka ba da umarni, ka dubi mutum ka kira shi. Wanda aka kira ya maimaita abin da ya ji, in ya gama ya ce ya gama. Wanda ya ga kuskure, ko shi ne ƙarami, ya faɗa. Mai danna ƙirji kuma dole a riƙa canza shi, domin hannu na gajiya tun mai shi bai sani ba, in dannawar ta yi sama-sama jini ba ya kai wa ƙwaƙwalwa. Ita Madam tana gefe, ita ke faɗin halin da yaron yake ciki. Ni kuwa aikina in shigo da gudu ina kuka, in kama riguna, in hana su sakat. Wannan ban sha wuyar koyonsa ba.

Waɗanda suka fara jagoranci sun yi hayaniya, an yi karo, wani ya taka mini ƙafa, amma sun wuce. Sai aka zo kan mai tabarau, a gwajin share fage. Baba ne a ƙirji. Da farko abin ya tafi daidai, ga saninsa ga ƙarfinsa. Can sai dannawar ta fara sanyi. Gumi na ɗiga daga gemunsa, kafaɗarsa na rawa. Ni da ban san komai ba na gani, balle su. Mai agogo ya duba agogo ya duba ƙasa. Mai tabarau ta matsa, ta ɗan rusuna, ta ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. Don Allah, in ba damuwa, ko za a ɗan..."

"Ba komai, ɗiyata, ina nan," in ji shi.

Ta koma ta tsaya. Haƙurina ya ƙare, na manta ni uwa ce, na ce, "Ki ce masa ya sauka mana, ba ki ga hannunsa ya mutu ba?"

"Uwar yaro, koma ki yi kukanki," in ji Madam. Ta ɗan jira, sannan ta ce a hankali, "Yaro ya tafi."

Abin da ya burge ni da matar nan, ba ta yi wa kowa faɗa. Tabarma ta sa aka shimfiɗa a gindin aduwa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, me ka gani? Ashe kowa ya gani. To me ya hana a faɗa? Mai agogo ya sosa ƙeya ya ce, "Madam, wa zai dubi babba ya ce masa ya gaji?" Mai tabarau ta cire tabaran tana gogewa, ta ce, "Baba nake ce masa. Ban san yadda zan ce Baba in kuma ce sauka ba." Shi ma dattijon ya ce ya ji lokacin da hannunsa ya saki, amma yara na kallonsa, ya ga in ya janye kamar ya bar su a rana ne.

Madam ta ce ba ta zo ta raba kowa da ladabinsa ba, za su buƙace shi a wajen iyayen marasa lafiya fiye da sirinji. Amma ƙwaƙwalwar yaro ba ta jiran a gama gaisuwa. Ta ɗauko filasta ta yayyanka, ta rubuta a kai: mai iska, mai ƙirji, mai jijiya, mai agogo, jagora. Ta manna wa kowa nasa a gaban riga. Ta nuna takalman da muka zube a bakin ƙofa ta ce, "Baba zai tsaya can tare da takalma, ɗiyarsa ma haka. In kun fito ku ɗauki abinku. A ciki ban san kowa ba sai abin da ke rubuce."

Da la'asar na ja mai tabarau muka hau tudun bayan gari. Rana ta yi laushi, inuwarmu ta miƙe har gangare, ta goyona ma ta fito kamar ta yaron gaske. Shanu na dawowa a jere, hayaƙin girki ya kwanta a kan gari bai tashi ba, daga wani gida ana jin daka kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Ta ce takan yi mafarki tana tsaye a wani farin ɗaki, ta buɗe baki za ta yi magana sai rairayi ya zubo. Na ce mafarki ne, a bar shi a inda aka gan shi. Na nuna mata goribobin kwari na ce ga ma'aikatanki, ba su umarni. Ta fara kamar mai roƙon gishiri. Na ce ban ji ba. Ta sake. Muka yi ta yi har ta ce wa wata doguwar goriba ta sauka, da muryar da ta sa tsuntsaye suka tashi. Ta rufe baki da hannu tana dariya, ni ma ina yi, amma na san goriba ba ta da furfura.

Ranar gwajin gaske da hantsi aka yi. Madam ba ta sassauta ba, Baba ta sake sa wa a ƙirji. Na tsaya bayan rumfa da goyona ina jiran a kira ni, iska na kaɗa zanen, nauyinsa a bayana ya yi ɗumi saboda rana. Ban san me ya shige ni ba. Da na ruga ciki na kwance shi a tebur, kukan da ya fito ba wanda na shirya ba ne.

Mai tabarau ta tsaya wajen ƙafafu, hannuwanta a baya. Wannan karon ana jin muryarta. "Mai iska, ƙirji ba ya tashi, gyara kansa." Ya ce ya ji, ya gyara, yana tashi. "Mai jijiya, me ka samu?" Ya faɗa, ta faɗi magani da awonsa, ya maimaita, ya sa, ya ce ya sa. Na kama mata riga ina jijjiga ta, ta ce wa mai jijiya ya zaunar da ni ya gaya mini abin da ake yi, ba ta ɗauke ido daga tebur ba. Sai lokacin ya zo. Kafaɗar dattijon ta fara rawa. Na ga ta dubi filastar da ke rigarsa, ta daɗe a kai, sannan ta ɗaga ido ta dube shi a fuska.

"Mai ƙirji, hannunka ya yi sanyi. Sauka. Mai agogo, karɓe shi. Mai ƙirji, riƙe agogo."

"Na ji, na sauka," in ji shi, ya matsa.

Daga nan ɗakin ya koma kamar mata masu daka a turmi ɗaya, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi, ba karo. Har ƙaramin cikinsu ya ce jagora, iska na zurarewa ta gefe, ta ce ta gode, a gyara, mai iska ya gyara. Ina zaune a ƙasa ina jiran Madam ta ce zuciya ta dawo. Ba ta ce ba. Aka sake canza hannu, aka sake, duk tambayar da aka yi mata sai ta ce babu bugu. A ƙarshe mai tabarau ta bi su ɗaya ɗaya ta tambaya ko akwai abin da aka manta. Babu. Ta ce a tsaya. Ta zo ta tsuguna a gabana ta kama hannuna, ta ce, "Ƴar'uwa, mun yi duk abin da muka iya. Allah ya karɓi abinsa." Na san roba ne. Na fi kowa sani, ni na goya shi. Amma sai da aka ba ni ruwa.

Da na dawo hayyacina na tari Madam, na ce don me za ta kashe shi bayan sun yi komai daidai? Ta ce domin wata rana haka za a yi, tana so su san bambancin yaron da ya tafi bayan an yi masa komai da wanda ya tafi ana jin nauyin juna. Sannan ta juya ga mai tabarau ta ce ta wuce.

Ba ta yi tsalle ba. Ɓare filastarta ta yi, ta fita ta sa takalmi, ta sami dattijon a gindin aduwa ta durƙusa har ƙasa. "Baba, ka yafe mini."

"Me kika yi mini, ɗiyata? Mai ƙirji aka yi wa tsawa, ga shi can na manna shi a bango. Je ki ba shi haƙuri in kina so." Ya karya cuku ya miƙa mata rabi.

A hanyar dawowa an mayar da ɗan robar akwatinsa a bayan mota. Bayana ya yi sakayau, ina ta kai hannu in gyara zanen da babu. Ruwa na sauka can gabas kamar an rataya baƙin labule, mu kuma muna tafe cikin rana. Mai tabarau ta yi barci a kafaɗata bakinta a buɗe. Da la'asar duwatsun Gure suka bayyana, muka hau kwalta, aka sauke ni a tasha da ƙullin cukuna.

Abin da na koyo ba danna ƙirji ba ne, wannan sai masu shi. Na koyi cewa mutane biyar masu ilimi da son alheri na iya tsayawa a kan yaro ya tafi, ba don mugunta ba, don kowa na girmama kowa. Na shigo gida ina ganin wannan ciwon wasu ne. Sai ga Kawu a zaure, shi ne babban gidanmu, shi kaɗai ke da babur. Na durƙusa na gaishe shi, na ji muryata ta koma ƴar ƙarama, irin ta mai tabarau sak. Gidanmu yara sun fi goma, ga damina, ga zazzaɓi. Na san yadda muke yi in yaro ya shiɗe: salati, a kawo ruwa, a kira wani, a nemo abin hawa, kowa na faɗa ba mai tafiya, wadda aka tura wajen Kawu kuma sai ta tsaya ta yi sallama ta jira ya gama lazimi.

Saboda haka ranar Juma'a bayan an sauko zan tara matan gida a tsakar gida, kowace in ba ta aikinta da sunanta: mai ɗaukar yaro, mai kiran ɗiyar gwaggo a waya, mai tsare sauran yara. Kafin nan, gobe da safe, zan sami Kawu. Zan durƙusa in gaishe shi yadda aka saba, in tambayi gajiya da iyali. In na gama zan gaya masa cewa ranar da yaro ya shiɗe a gidan nan, a tsaye zan zo masa, ba sallama, in ce mai babur, tashi. Gara ya ji shi daga bakina yanzu, yana zaune lafiya da shayinsa a hannu.